An ɗaga mutum a kan abokan aikinsa: me zai fara yi, me zai saki?

Malam_Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi a wuraren aiki, ina so masana cikinmu su yi mana fashin baƙi a kansa. Za a duba wanda ya fi kowa iya aiki a sashe, a miƙa masa takardar ƙarin girma, ya wayi gari shi ne manajan mutum bakwai ko takwas da jiya suke zaune tebur ɗaya da shi. Ba horo, ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga abin da ya canza. Ni a ganina babban kuskuren sabon manaja shi ne ƙin sakin aikinsa na da. Yana ci gaba da yin abin da ya sa aka ɗaga shi, shugabancin kuma sai ɗan lokacin da ya rage. To a wata uku na farko, da me ya kamata ya fara, me kuma ya kamata ya saki? Don Allah a ba mu bayani filla-filla, kada a tsaya a "ka yi haƙuri da jama'a".

Hajiya_Larai:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ya zauna da na ƙasa da shi, ya fara zama da wanda ke sama da shi, tun a makon farko. Ya nemi awa guda, ya shiga da takarda da biro, ya fito da amsar abu uku.

Na farko, da me za a auna shi nan da wata shida? Kada ya karɓi amsa irin "ka dai gyara sashen". A faɗi abin da za a iya ƙirgawa: kwana nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙorafin abokin ciniki, kaya nawa cikin ɗari ake dawowa da su saboda matsala, ran nawa ga wata ake rufe lissafi. Na biyu, iyakar ikonsa. Wane hukunci zai yanke shi kaɗai, wanne zai yanke sannan ya sanar, wanne ne sai ya nemi izini tukuna? A bi su ɗaya bayan ɗaya: ba da hutu, amincewa da aikin bayan tashi, sayen kayan aiki, canza jadawali, rubuta takardar gargaɗi. Na uku, yadda maigidan yake son jin labari. Rahoto ne a rubuce duk mako, ko minti goma a tsaye, kuma wane irin abu ne yake so a kira shi a kai nan take?

Idan ya fito ya rubuta abin da aka tsayar a imel, layi goma ya isa, ya ce "ga abin da na fahimta, a gyara mini inda na yi kuskure." Ba abin da ke zubar da ƙimar sabon manaja kamar ya yi wa ma'aikaci alkawarin hutu ko canjin aiki, daga sama a soke. In haka ta faru sau biyu kowa ya gane maganarsa ba ta da nauyi, sai a riƙa tsallake shi.

Bayan nan sai zama da kowane ma'aikaci shi kaɗai, minti 45, tambayoyi iri ɗaya ga kowa. Me ke tafiya daidai da ba ka so a taɓa? Me ke tare maka hanya a aiki? Da kai ne a kujerar nan, me za ka fara gyarawa? Ina kake so ka kai nan da shekara biyu? Ya saurara, ya rubuta, kada ya yi alkawari a wurin. Kuma shawarata kada ya canza komai a kwana 30 na farko, sai abin da ya shafi haɗari ga rai ko ɓarnar dukiya.

AbuZainab:
Hajiya na yarda da komai sai kwana 30 ɗin nan. Wannan dokar ta baƙo ce, wanda aka kawo daga waje. Wanda ya tashi a cikin sashen ya san matsalolin tun da daɗewa, kuma abokan aikinsa sun san ya sani, tare suke ƙorafi a kansu. In ya yi wata guda shiru za a ce kujera ta canza shi. Ya duba bayanan da ya rubuta a zaman nan, ya zaɓi abu ɗaya da aƙalla mutum uku suka ambata, wanda ke cikin ikonsa, ba ya buƙatar kuɗi, kuma za a iya gamawa cikin mako biyu. Misali fom ɗin da ake sa wa hannu sau uku alhali sau ɗaya ya isa, ko jadawalin aiki da ake fitarwa ana gobe. Ya gyara, ya faɗa a gaban kowa cewa shawarar wane ce.

Hajiya_Larai:
Hakan ya yi, ɗan'uwa. Abin da nake hanawa shi ne manyan sauye-sauye: canza wa mutane matsayi, rushe tsarin da ya gada, sauya lokacin shiga da tashi. Ko ɗan gida ne, abin da ya gani daga teburinsa gefe ɗaya ne kawai. Sau da yawa tsarin da yake ganin shirme ne, wani sashe daban ne ke dogaro da shi.

Injiniya_Bello:
Ina bayan Malam Habu a kan batun sakin aikin da. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya rubuta tun 1983 cewa abin da manaja ya samar shi ne abin da sashensa ya samar, haɗe da abin da sassan da yake da tasiri a kansu suka samar. A yi lissafin. Ƙwararre da ya yi aikin awa takwas da hannunsa, awa takwas ya ƙara. In ya ɗauki awa biyu ya kawar da abin da ke ɓata wa mutum takwas rabin awa kowace rana, ya dawo wa sashen da awa huɗu a kullum, awa ashirin a mako. Wahalar ita ce aikin hannu ana ganinsa da yamma, wannan kuwa ba a gani, shi ya sa sabon manaja ke komawa gida yana jin kamar bai tsinana komai ba.

Maganin farko shi ne ya auna kansa. Mako guda cur, duk rabin awa ya rubuta abin da ya yi, layi ɗaya. Ƙarshen mako ya kasa su kashi huɗu: aikinsa na da, kashe gobara (wato magance matsalolin gaggawa), zama da mutanensa, da tsara abin da ke gaba. Yawanci zai tarar kashi na farko da na biyu sun cinye makon. Daga nan ya sa wa kansa iyaka, a ce aikin hannu kada ya wuce kwana ɗaya da rabi cikin biyar zuwa ƙarshen wata na uku.

Kuma a lura da yawan mutane. Wani masani, Graicunas, ya yi lissafi a 1933 cewa in aka haɗa alaƙar shugaba da kowane mutum, da alaƙarsu da juna, da ta rukuni-rukuni, mutum huɗu suna ba da alaƙa 44, biyar 100, shida 222. Ba sai an ɗauki alƙaluman kamar doka ba, amma suna nuna cewa ƙarin mutum ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne. Wanda aka ba mutum goma sha biyu a karon farko ya nemi a naɗa masa manyan ma'aikata biyu da za su riƙe masa ɓangare.

Zulai77:
Injiniya, to in ba a ɗauki wani a gurbinsa ba fa? Wannan shi ne abin da ya fi faruwa. An ba shi kujera, tsohon aikinsa na nan yana jiransa, kuma an ce ba kuɗin ɗaukar sabon ma'aikaci. Wa zai sakar wa?

Mai_Lissafi:
'Yar'uwa, a nan takarda ce ke ceto. Ya jera duk ayyukansa na da, kowanne da awannin da yake ci a mako. A ce sun kai awa 32. Ya jera na sabuwar kujera: zama da ma'aikata, mitin, rahoto, jadawali, duba aiki, a ce awa 22. Jimla 54, mako kuwa 40 ne. Ya kai wa maigidansa takardar, ba da fuskar ƙorafi ba, ya ce "ga awa 14 da suka yi yawa, ga ayyuka uku da nake ganin za a raba wa su wane, ga biyu da za a iya dainawa ko a mayar da su duk wata maimakon duk mako, wanne ka zaɓa?" Shugaba ya fi saurin amsa zaɓi a kan kuka. In manajan ya yi shiru ya riƙa cike gurbin da darensa da ranakun hutunsa, a sama za a ɗauka mutum ɗaya ya isa aikin biyu, kuma ba za a taɓa cike gurbin ba.

Garba_Sito:
Tunda an zo kan miƙa aiki, bari in faɗi inda ake tuntuɓe. Sabon manaja zai ce "Musa, duba mini maganar kayan nan", ya wuce. Bayan kwana uku ya ga ba yadda yake so ba, ya karɓe ya yi da kansa, ya ce ai ba mai iyawa. Laifin ba na Musa ba ne.

Duk aikin da za a danƙa wa wani sai an faɗi abu biyar: sakamakon da ake so, dalilinsa, ranar gamawa, iyakar ikon mai yi, da ranar da za a duba. Ga yadda zai fito: "Musa, ina so ka ƙirga kayan da ke layi na uku zuwa na shida ka gwada da abin da ke kwamfuta, saboda masu binciken lissafi na zuwa ranar 20. Ina son sakamakon ranar 15. Bambancin da bai kai guda biyar ba ka gyara ka rubuta, wanda ya wuce haka ka kawo mini kafin ka taɓa. Ranar 11 da safe za mu duba layi na uku tare." Sannan ya ce Musa ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani, kowa "e" zai ce.

Dubawar ranar 11 ita ce mabuɗin. Ana sa ta lokacin da aka yi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin, yadda in an kauce za a gyara da sauƙi. Tsakanin nan da can kada ya riƙa leƙe.

Sai kuma aikin da ke dawowa ta bayan gida. William Oncken da Donald Wass sun kwatanta shi da biri a wata maƙala ta 1974. Ma'aikaci ya tare ka a hanya da matsala, ka ce "bari in duba", shi ke nan birin ya tsallako daga kafaɗarsa zuwa taka, gobe shi zai zo yana tambayar ka ina aka kwana. Mutum takwas, kowa ya sauke maka biri biyu a mako, ka tara sha shida. Amsar da ta dace ita ce "me kake ganin za a yi? Kawo mini hanyoyi biyu da wadda ka fi so ƙarfe uku."

Ummu_Hanifa:
Duk wannan daidai ne, amma kun tsallake abin da Malam Habu ya fara ambata: jiya tebur ɗaya suke. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Mutum uku ne sabon manaja zai yi wa shiri na musamman.

Akwai wanda shi ma ya nemi kujerar bai samu ba. A zauna da shi tun a kwana biyu ko ukun farko, a keɓe, a kira abin da sunansa: "Na san kai ma ka nema, kuma na san ba daɗi. Ina buƙatar ƙwarewarka a kan kaza." Kada a ba shi haƙuri kamar an yi masa laifi, kada kuma a nuna kamar ba abin da ya faru. A ba shi wani ɓangare na gaske da zai riƙe da sunansa. A ba shi makonni ya huce. In bayan wata biyu yana ci gaba da yi wa hukunci zagon ƙasa, lamarin ya zama na ɗabi'a, sai a bi da shi ta hanyar da ake bi da kowa.

Akwai wanda ya girme shi, ko ma shi ya koya masa aikin. Girmamawa tana nan yadda take, a gaishe shi yadda aka saba, a nemi shawararsa kafin a yanke abin da ya shafi fanninsa. Amma neman shawara daban, neman izini daban. A ce "na ji ra'ayinka, na auna, ga abin da za mu yi, ga dalili."

Na uku shi ne aboki na kusa, kuma shi ya fi wuya. A faɗa masa tun farko cewa akwai abubuwan da ba za a ƙara iya faɗa masa ba: albashin wani, gargaɗin da aka yi wa wani, abin da aka tattauna a sama. Kuma hutu, aikin dare, da tafiyar horo, a rubuta ƙa'idar rabonsu a manna inda kowa zai gani. Sauran ma'aikata suna ƙirga sau nawa abokin manaja ya samu ranar da yake so, ko da shi manajan bai ƙirga ba.

Danladi_K:
Wasu na cewa a yanke abotar gaba ɗaya, a fita daga zauren WhatsApp na ma'aikata. Ni ina ganin hakan ya yi tsauri. Mutum ya wayi gari ya ɗaure fuska, sai a ce girman kai.

Ummu_Hanifa:
Ba a yanke ba, ɗan'uwa, a ja mata layi. Zauren da ake sanar da aiki ya zauna a ciki. Wanda ake sauke takaicin shugabanni kuwa ya fita da kansa cikin mutunci, ya faɗi dalili. Ma'aikata na buƙatar wurin da za su yi magana ba kunnen manaja. In ya zauna, ko dai su yi shiru su buɗe wani a ɓoye, ko kuma ya ji abin da dole ya ɗauki mataki a kai.

Malam_Tukur:
Ni tambayata ta koma can baya. Me ya sa ma ake ɗaga wanda ya fi iya aiki? Wani marubuci, Laurence Peter, ya faɗa tun 1969 cewa ana ta ɗaga mutum har ya kai matakin da ba zai iya ba, a nan yake tsayawa. An rasa ƙwararren ma'aikaci, an samu raunannen manaja, asara biyu.

Injiniya_Bello:
Malam Tukur, maganar Peter gargaɗi ce ga masu ɗagawa, ba hukunci ba ne a kan wanda aka ɗaga. Shi ya sa kamfanoni da yawa, musamman na fasaha, suke da tsani biyu: na shugabanci da na ƙwarewa, yadda injiniya zai samu ƙarin girma da albashi ba tare da an ɗora masa mutane ba. Kuma ana iya gwada mutum kafin a naɗa shi, a ba shi riƙon ƙwarya lokacin da manaja ya tafi hutu, ko horar da sabon ɗauka. Amma wanda an riga an naɗa, shugabanci sana'a ce da ake koyo, kamar yadda ya koyi ta farko.

Hajiya_Larai:
Mu dawo kan wanda an riga an naɗa. Abin da ya fi gagarar sababbi shi ne gyara wa mutum kuskure. Ko su yi shiru har abin ya taru su fashe, ko su yi jirwaye mai kamar wanka a mitin, "wasu na zuwa a makare", mai laifin bai ji a jikinsa ba, marasa laifi shida sun ji haushi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yi maganar cikin kwana ɗaya ko biyu, a keɓe, a tsaya kan abu uku: yaushe, me aka gani, me ya jawo. "Ranar Talata da Alhamis ka iso tara da rabi maimakon takwas. Amina ce ta riƙe teburinka da nata, abokan ciniki huɗu suka jira fiye da minti ashirin. Me ke faruwa?" Sai a yi shiru. Shirun nan yana da wuya, amma a cikinsa ake jin gaskiya. Wataƙila rashin lafiya ce a gida, wataƙila jadawalin ne ya ci karo da wani abu, wataƙila sakaci ne. Kowanne maganinsa daban. A rufe da abin da aka amince da ranar da za a sake dubawa.

Kalmomi biyu a guje su, "kullum" da "ba ka taɓa". Da ka ce "kullum kana makara" zai kawo maka ranar da bai makara ba, muhawara ta koma can. Haka siffanta mutum, "kai malalaci ne", ba abin da zai iya yi da wannan gobe da safe. Yabo ma haka ake yinsa, da rana da abin da aka gani. "Sannu da ƙoƙari" ba ya koya wa kowa abin da zai maimaita.

Garba_Sito:
Ƙari kan na Hajiya: kafin a ce mutum ya gaza, a duba ko bai iya ba ne ko bai so ba. Masana harkar shugabanci biyu, Hersey da Blanchard, sun gina tsarinsu a kan wannan, cewa salon jagoranci yana bin matakin mutum a kan aikin da ke gabansa. Sabon ɗauka a nuna masa mataki-mataki a duba kullum. Wanda ya fara iyawa amma gwiwarsa ta yi sanyi a bayyana masa dalilai a ƙarfafa shi. Ƙwararre a faɗa masa sakamako a ba shi wuri. Kuma mutum ɗaya zai iya zama ƙwararre a wani aiki, sabo fil a wani. Sabon manaja kan yi akasin haka: ya tsaya a kan ƙwararru saboda aikinsu ya fi sani, ya bar sababbi suna lalube.

Nas_Hadiza:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana faruwa tun a makon farko ba tare da manajan ya lura ba: yadda ya karɓi mummunan labari na farko. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan jagoranci sun fi yawan rahoton kuskuren magani. Da aka bi diddigi, sai aka ga sun fi sakin jiki ne su faɗa. Inda ake tsoron shugaba kuskuren na nan, ana dai binne shi.

Don haka ranar da wani ya shigo ya ce "na tura wa abokin ciniki takardar da ba tasa ba", kalmar farko ta zama "na gode da ka faɗa da wuri". Ta biyu, "me za mu yi yanzu don tsayar da ɓarnar?" Binciken dalili sai an kashe wutar, kuma a fara da tsari kafin mutum: a ina aka rasa dubawa, wane mataki ne ya sa kuskuren ya yi sauƙi? A kamfanin Toyota an san su da tambayar "me ya sa" har sau biyar kafin a tsaya. In manaja ya ɗaga murya a karon farko, duk sashen sun gani, kuma daga ranar shi ne zai zama na ƙarshe da ke jin labari. Shi ma in ya yi kuskure ya faɗa a fili, a taƙaice, da abin da zai gyara.

AbuZainab:
Amma Nas, kada wannan ya zama kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwai wanda zai maimaita kuskure ɗaya sau huɗu.

Dattijo_Umar:
Wannan kuma hanyarsa daban, ɗana, kuma a nan sabon manaja ke jefa kansa cikin rigima. Kuskure daban, sakaci mai maimaituwa daban, ha'inci daban. Kafin ya furta kalmar gargaɗi ya karanta littafin ƙa'idojin ma'aikata na wurin, ya je sashen kula da ma'aikata ya tambayi matakan. Dokar ƙwadago ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, in kuma akwai ƙungiyar ma'aikata to akwai yarjejeniya da ke faɗin wa zai zauna a wurin. Tsarin da aka fi bi shi ne magana ta baki da aka rubuta ranarta, sai gargaɗi a rubuce, sai gargaɗin ƙarshe, a kowane mataki a ba mutum damar kare kansa da lokacin gyarawa.

Tun ranar farko ya buɗe wa kowane ma'aikaci shafi. Bayan duk zama ya rubuta layi uku: kwanan wata, abin da aka tattauna, abin da aka amince. Mai kyau da marar kyau duka. Amfaninsa biyu. In an zo auna ƙwazo a ƙarshen shekara ba zai dogara da abin da ya tuna na makonni uku da suka wuce ba. In kuma lamari ya kai ga hukunci, yana da tarihi, ba "ai kowa ya sani" ba. Abin da aka gani za a rubuta, ban da zato. Kuma a adana shi inda ba mai gani, domin sirrin mutane ne.

Abu ɗaya da ba a yi: barazanar da ba ka da ikon cikawa. Wannan ya mayar da mu ga jerin da Hajiya Larai ta ce a karɓo daga maigida a makon farko.

Zulai77:
Zaman kai-da-kai ɗin nan, bayan na farko, sau nawa za a riƙa yi? Mutum takwas fa, lokaci zai ƙare.

Mai_Lissafi:
Minti 30 duk mako biyu ga kowa. Mutum takwas, awa huɗu a mako biyu, wato awa biyu a mako. Sabon ɗauka ko mai matsala duk mako. A sa shi a kalanda a rana ɗaya da lokaci ɗaya. In dole ta sa a ɗaga, a ɗaga zuwa wata rana a makon, kada a soke, domin sokewa sau biyu a jere saƙo ne cewa mutumin ba shi da muhimmanci. Ma'aikacin ne ke fara kawo abin da yake so a tattauna. Kada a mayar da shi wurin karɓar rahoton aiki, wannan ana iya yinsa a rubuce ko a mitin na tsaye na minti goma da safe.

Malam_Habu:
Allah ya saka da alheri, an ƙaru matuƙa. Har yanzu ina nan kan bakana cewa ƙin sakin aikin da shi ne tushen matsalar, amma bayanin Hajiya Larai ya sa ina tunanin ko mutum yana fakewa ne da aikin hannu don gudun maganganu masu nauyi. Gyara rahoton wani da kanka ƙarfe tara na dare ya fi sauƙi a kan ka zaunar da shi ka ce rahoton bai yi ba.

Ummu_Hanifa:
Ni kuwa Malam ba zan ce tushe ɗaya ba ne. Wani ya saki aikin tun ranar farko, amma ya zama ɗan aike tsakanin sama da ƙasa. A ba shi umarni ya sauko ya ce "ni ma ban yarda ba, su ne suka ce." Yana ganin hakan zai sa mutanensa su so shi, alhali yana faɗa musu ne cewa ba shi da ta cewa. In bai yarda da hukunci ba ya yi jayayyarsa a sama, a keɓe, da hujja da alƙaluma. In an tsayar, ya sauko ya ce "ga abin da aka yanke, ga dalilin, ga abin da na nema aka ba mu, ga wanda ba a ba mu ba." Sai fa in abin ya saɓa wa doka ko zai cutar da wani, wannan ba a sauko da shi ko kaɗan.

Injiniya_Bello:
Kan maganar Malam Habu ta rahoton dare, akwai ma'auni mai sauƙi. In aikin ya kai yadda za a yi amfani da shi, bambancin kawai ba salonka ba ne, ka bar shi ya wuce. In akwai kuskure na gaske, ka yi alama a wuraren, ka mayar wa mai shi ya gyara, ko da hakan zai ci ƙarin kwana guda. Sai in wa'adin gobe da safe ne, to ku zauna tare ku gyara, shi a kan kwamfuta, kai a gefe.

Danladi_K:
To wanda maigidansa ne ke tsallake shi yana ba ma'aikata umarni kai tsaye fa? Musamman in maigidan shi ne ya riƙe sashen kafin a ɗaga shi, mutane sun saba zuwa wurinsa.

Hajiya_Larai:
Ɓangare biyu zai kama. Ma'aikata ya ce musu duk umarnin da ya zo daga sama su karɓa da ladabi, su sanar da shi a ranar, don ya daidaita jadawali. Kada ya yi fushi da su, ba su suka jawo ba. Maigida kuma ya kai masa misali ɗaya takamaimai: "Ranar Laraba an sa Musa aikin kaza, shi ya sa ƙirgar da muka yi alkawarin ranar 15 ta koma 17. In buƙata irin wannan ta taso, a turo mini, zan ba da mutum cikin awa guda." Sai ya tabbata ya cika awa gudan nan duk lokacin da aka turo. Dattijo Umar, a tsarin da ka sani, in maigidan ya ci gaba bayan an yi masa magana sau biyu, sashen kula da ma'aikata ake kai wa ko a sake komawa wurinsa da rubutu?